Ƙara oranjari a bayan gida a Ingila: izini, gilashi da abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a Birmingham, a irin tagwayen gidajen nan da aka gina a shekarun 1930, bango ɗaya ya haɗa mu da maƙwabci. Yara sun tasa, falo ya yi mana kaɗan, ranar Sallah har rasa inda za mu zaunar da baƙi muke yi. Wani kamfani ya zo ya ce a yi mana oranjari a baya, a fasa bangon kicin a haɗe su wuri ɗaya, ya kuma ce ba sai mun nemi izinin kowa ba. Mene ne bambancinsa da ɗakin gilashin da ake kira konsabatari? Kuma da gaske ne babu maganar izini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya albarkaci zuri'a. Abin da kamfanin ya faɗa maka rabin gaskiya ne, kuma rabin da ya rage shi ne mai tsada. A Ingila izini iri biyu ne, daga ofis biyu, kuma mai talla yakan ambaci wanda ya fi masa sauƙi ya yi shiru a kan ɗayan. Zan zo kansu. Bari mu fara da ginin kansa, domin idan ka gane yadda yake, sauran maganar za ta zo da sauƙi.

Asalin oranjari ɗakin ɓoye itatuwan lemu ne daga sanyi. Sarakuna da attajiran Turai na ƙarni na 17 da na 18 suna son lemun ƙasashen zafi, hunturunsu kuwa kashe shi yake yi, sai suka riƙa shuka shi a manyan tukwane, su fito da shi waje da bazara, su shigar da shi idan sanyi ya kawo kai. An gina na fadar Versailles a Faransa tsakanin 1684 da 1686, na fadar Kensington a Landan a 1704 domin Sarauniya Anne, na lambun Kew kuma a 1761, zanen William Chambers. Idan ka tsaya gaban na Kew za ka ga gini ne sosai mai kaurin bango da rufaffen rufi, da dogayen tagogi masu kallon kudu. Hasken cikinsa ma bai ishi lemun ba, shi ya sa a 1841 aka kwashe itatuwan aka kai Kensington. Ɗakin da kusan dukansa gilashi ne daga baya ya yawaita, bayan an soke harajin gilashi a 1845 kuma aka iya ƙera ƙarfe mai siranta da zai riƙe shi.

Wannan bambancin har yau yana nan. Konsabatari, a ma'aunin da masu duba gini suka daɗe suna amfani da shi, kashi 75 cikin ɗari na rufinsa da rabin bangonsa gilashi ne. Oranjari kuwa yana da ginshiƙai ko bangon jan bulo, rufinsa shimfiɗaɗɗe ne kuma rufaffe ta gefe-gefe, a tsakiya kaɗai ake buɗe shi a ɗora ƙubbar gilashi mai kusurwa huɗu. Ta ciki za ka ga silin ya zagaye ƙubbar, a nan ake jera ƙananan fitilu. Wanda ya taɓa zama a tsohon konsabatari ya san halinsa: a watan Yuli kamar tanda, a Janairu kuma sai a rufe ƙofa a bar shi ga kekunan yara da shanyar kaya. Abin da ya sa oranjari ya fi shi amfani shi ne ɓangaren da ba gilashi ba. Don haka ina ganin ya dace da buƙatarka, da sharaɗin ka ɗauke shi a matsayin cikakken ƙarin gini, ka kashe kuɗi a kan tushe da bango da rufi kafin ka kashe a kan ƙyale-ƙyale.

Izini na farko shi ne na tsara gari, wanda ke duba girman gini da yadda zai shafi maƙwabta. A nan mai tallan zai iya zama da gaskiya. Doka ta yarda mai gida ya ƙara ɗaki mai hawa ɗaya a baya ba tare da ya shigar da cikakkiyar takardar neman izini ba, muddin bai fita daga bangon bayan gida fiye da mita 3 ba a gida irin naka ko a gidajen jere, ko mita 4 a gidan da yake tsaye shi kaɗai. Tsayinsa kada ya wuce mita 4, kuma idan yana cikin mita 2 daga iyakarka da maƙwabci, bakin rufin kada ya wuce mita 3. Duk gine-ginen da aka ƙara kada su cinye fiye da rabin filin da ke kewaye da gidan na asali. Lura da wannan kalma ta asali: ana nufin gidan yadda aka fara gina shi, ko yadda yake a ranar 1 ga Yulin 1948. Idan wanda ka saya a hannunsa ya riga ya tura kicin baya da mita biyu, ka gaji wannan lissafin, daga tsohon bango za a ja maka awo. Wannan sassaucin bai shafi fulat ba, kuma yana raguwa ko ya ɓace a gidajen tarihi, a unguwannin da aka keɓe don kiyaye kamanninsu, da wasu sabbin rukunin gidaje da aka cire musu shi tun wajen ba da izinin gina su. Wales da Scotland suna da nasu ƙa'idojin daban.

Ra'ayina, mita 3 ta yi wa oranjari kaɗan. Awon daga waje ake yin sa. Ka cire kaurin bango, kusan santimita 35, abin da ya rage maka a ciki bai kai mita 2.7 ba. Ka bar silin ta kowane gefe, sai ƙubbar ta koma 'yar siririya, tebur da kujeru su toshe hanyar fita lambu. Akwai hanya ta tsakiya da aka mayar ta dindindin a 2019: gida irin naka zai iya fita har mita 6, amma sai ka sanar da kansil, wato ƙaramar hukumarku, tun kafin a sa shebur a ƙasa. Su za su rubuta wa maƙwabta, a ba su kwana 21 su yi magana, kansil kuma tana da kwana 42 ta yanke hukunci. Mita 4 zuwa 4.5 ita ce inda na ga ɗakin yake zaunuwa ba tare da ya haɗiye lambun ba. Ko da kuwa ka tsaya a mita 3, ka nemi takardar shaidar halaccin gini daga kansil. Ba tilas ba ce, amma ranar da za ka sayar da gidan lauyan mai saye zai tambaye ta. Kuma tun Afrilun 2024 kansil tana da shekara 10 ta bibiyi ginin da ya saɓa ƙa'ida, a da shekara 4 ce.

Izini na biyu shi ne na ƙa'idojin ingancin gini, kuma shi ne wanda ba a faɗa maka ba. Ana yafe wa konsabatari wannan dubawa idan bai kai murabba'in mita 30 ba, yana ƙasa, akwai ƙofa mai ingancin ƙofar waje tsakaninsa da gida, kuma hitarsa daban take da ta gida. Oranjari, saboda rufaffen rufinsa, a mafi yawan lokuta ba ya shiga wannan yafiyar. Kai kuma ka ce za a fasa bangon kicin. Daga wannan lokacin babu sauran muhawara: bangon nan shi ke ɗauke da bangon hawa na sama, kuma a gidaje da yawa har da katakan daɓen ɗakunan kwana da wani sashe na nauyin rufi. Sai injiniyan gini ya yi lissafi ya fitar da girman ƙarfen da zai maye gurbinsa, da abin da ƙarfen zai zauna a kai, sai kuma mai duba gini ya zo ya gani da idonsa kafin a rufe shi da filasta. Kamfanin da ya ce zai cire wannan bango ba tare da sanin kowa ba, ka yi masa godiya ka raka shi ƙofa. Ka bi hanyar shigar da cikakken zane a amince da shi kafin a fara, ta fi gajeriyar hanyar sanar da masu duba gini kawai a fara aiki kwanciyar hankali, domin gyara a kan takarda ba ya cin siminti.

Wurin da oranjari ya fi karo da waɗannan ƙa'idoji shi ne yawan gilashi. Sashe na L na ƙa'idojin, mai kula da tattalin makamashi, wanda aka tsaurara a Yunin 2022, ya ce jimillar tagogi da ƙofofi da gilashin rufi kada ta wuce kashi 25 cikin ɗari na faɗin daɓen sabon ɗakin, a ƙara da girman tsofaffin tagogi da ƙofofin da sabon ginin ya rufe. Mu buga misali. A ce cikin ɗakin murabba'in mita 16 ne, kashi ɗaya cikin huɗu ya zama 4. Tsohuwar ƙofar lambu da tagar kicin a ce sun haɗa 5. Rabonka 9 ke nan. To ƙofar gilashi mai naɗewa mai faɗin mita 4 da tsayin mita 2.1 ita kaɗai 8.4 ce. Ka ɗora ƙubba mai mita 2.5 da 1.2, ka riga ka haura 11. Wannan ba ya nufin an hana ka. Ana ɗaukar mai lissafin makamashi ya nuna cewa an rama asarar ta wani wurin, ta hanyar ƙara kaurin abin tare sanyi a daɓe da rufi, ko sa gilashi mafi inganci, ko gyara rufin saman tsohon gidan. Amma lissafin yana koya wa mutum wani abu. Ma'aunin U yana nuna yawan zafin da ke zurarewa, ƙaramin adadi ya fi kyau. Doka tana neman 0.15 a rufi, 0.18 a bango da daɓe, 1.4 a taga, 2.2 a gilashin rufi. Ka ga ke nan kowane murabba'in mita na ƙubba an yarda ya zubar da zafi fiye da ninki goma na rufin da ke gefensa, kuma kai ne za ka biya kuɗin gas ɗin.

Saboda haka kada girman ƙubba ya zama abin gasa. Aikinta na gaskiya shi ne ta kai haske cikin tsohon ɗakin da ka raba da tagarsa. Wannan shi ne abin da mutane suka fi nadama a kai: sabon ɗaki tas da haske, amma tsohon kicin ko ɗakin cin abinci ya koma sai da fitila da tsakar rana, musamman a Disamba da rana ba ta cika awa takwas a Birmingham. Ka sa a matso da ƙubbar kusa da tsohon bango gwargwadon yadda injiniya ya yarda, a kuma tabbatar ƙololuwarta ba ta tare tagar ɗakin sama ba, domin wataƙila ita ce hanyar tsira idan gobara ta tashi. Idan tsawon ɗakin ya yi yawa, ƙanana biyu sun fi babba ɗaya.

Ka fita lambu ka duba inda bayan gidanka yake kallo. Idan kudu ne ko yamma, matsalarka zafi ce. Da bazara rana a can tana hawa kusan digiri 60 da tsakar rana, kai tsaye take faɗowa kan ƙubba, kuma dokar hana ɗumamar ɗaki da ta fara aiki a 2022 sabbin gidaje kaɗai ta shafa, don haka babu mai tilasta wa ɗan kwangila ya kula maka da wannan. Ka nemi gilashi mai rage zafin rana, da aƙalla taga ɗaya a jikin ƙubbar mai buɗewa da lantarki, mai rufe kanta idan ta ji ruwa. Iska mai zafi sama take taruwa, idan ba ta da mafita sai ta dawo kanku. Idan arewa yake kallo, ka bar gilashin fari, ka fi mayar da hankali kan tare sanyi. Ko ta ina yake kallo, fallen gilashi na ciki ya zama mai leda a tsakani, wanda ko ya fashe ba ya zubowa, tunda yara za su yi wasa a ƙarƙashinsa. A nan zan ɗan ratse: na san wasu 'yan'uwa suna ɗaukar hoton irin wannan gini su tura gida a yi musu a Kano ko Abuja. A can rana kan hau tsakar ka, ga ƙurar hunturu, gilashi a kwance a rufi wahala ce da kuɗin na'urar sanyaya ɗaki. Tagogi a tsaye can sama kusa da silin, da baranda mai inuwa, su ne daidai da wurin.

Abu uku da suka shafi yadda muke zaman gida, waɗanda mai zane ba zai tuna da su ba sai ka faɗa masa. Ƙubba taga ce mai kallon sama, daga ɗakunan saman maƙwabta ana hango cikinta tar, musamman da dare idan an kunna fitila. Ka hau ɗakinka na sama ka leƙa rufin maƙwabci ka ga abin da kake iya gani, haka shi ma zai ga naka. Idan Hajiya da 'yan mata za su sake a ɗakin, a tanadi labule mai jan kansa, a ja masa waya tun kafin a yi filasta, ko a sa gilashi mai duhu-duhu ta ɓangaren da ake hangowa. Sannan girkinmu akwai suya da turiri. Doka tana neman na'urar zuƙe hayaƙi mai lita 30 a daƙiƙa a saman murhu, ni kuwa zan ce ka wuce haka nesa, bututun ya fita waje, murhun kuma kada ya zauna ƙarƙashin ƙubba, in ba haka ba maiƙo zai dafe gilashin da sai da tsani ake kai masa hannu. Na uku, muna zama a ƙasa, muna salla a ƙasa. Hita ta ƙarƙashin daɓe mai bututun ruwa ta fi dacewa, tunda bango ma ya yi ƙarancin da za a rataya radiyeta. Sai dai kafet mai kauri yana danne zafinta, a sa tayil ko katako da darduma marar nauyi.

Yanzu mu sauka ƙasa, inda kuɗi ke nutsewa ba a gani. Ka zagaya bayan gida ka nemi murfin kwata. A gidajen 1930 bututun ƙazanta yakan bi ta bayan gidaje a jere, daidai inda kake son gini. Tun Oktoban 2011 bututun da ya haɗa gida fiye da ɗaya ya koma hannun kamfanin ruwa, a wajenku Severn Trent, kuma gini a kansa ko cikin mita 3 daga gare shi sai da yardarsu. Sau da yawa sai an matsar da ramin kwatar zuwa wajen ginin. Tushe kuma yakan kai zurfin mita ɗaya, amma a ƙasar laka, idan akwai babbar bishiya kusa, zai iya wuce mita biyu, domin laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, saiwa kuma tana shanye ruwanta. Mai duba gini ne zai leƙa ramin ya ce a tsaya ko a ci gaba. Don haka ka sa a rubuta a yarjejeniya zurfin da aka yi farashi a kai, da kuɗin kowane ƙarin haƙa. Tushe marar zurfi yana bayyana kansa bayan 'yan shekaru: tsaga siririya a inda sabo ya haɗu da tsoho, ƙasa matsattsiya, sama mai faɗi, ƙofar gilashi kuma ta fara cijewa.

Maƙwabcinka yana da haƙƙi a doka, ban da wanda addini ya ba shi. Dokar bangon tsakani ta 1996 ta ce idan za ka taɓa bangon da kuka haɗa, misali a zaunar da ƙarfe a cikinsa, ka ba shi sanarwa a rubuce wata biyu kafin aiki. Idan haƙa ce cikin mita 3 daga gininsa kuma za ta fi tushensa zurfi, wata ɗaya. Yana da kwana 14 ya amsa, shirunsa kuma ana ɗaukarsa a matsayin rashin yarda, sai a naɗa masu awo, kuɗinsu yawanci a kanka. Ka riga takardar isa wurinsa. Ka ƙwanƙwasa masa ƙofa da zanen a hannu, ka nuna masa tsayin bangon da zai gani daga tagarsa. Wanda aka yi shawara da shi da wuya ya kai ƙara.

A rufi, wuri biyu nake so ka sa ido. Na farko inda sabon rufi ya jingina da tsohon bango. Bangon gidajen wannan zamani galibi falle biyu ne da rami a tsakani, ruwan da iska ta buga yana ratsa fallen waje ya gangara ta cikin ramin. A da ƙasa yake sauka. Yanzu da ka fasa bango, kan sabon ƙarfenka zai sauka, sai dai idan an cire layin bulo an sa tiren da ke tare shi ya fitar da shi waje ta 'yan ƙananan huda. Aiki ne mai cin rai, shi ya sa ake tsallake shi a liƙa dalma ta waje kawai. Alamarsa tabo ruwan kasa a silin, a miƙe daidai layin tsohon bango, yana fitowa bayan ruwa mai iska, a yi ta zargin ƙubba alhali ba ruwanta. Na biyu dakalin da ƙubbar ke zaune a kai. Ya tashi aƙalla santimita 15 daga rufi, kuma a naɗe shi da abin tare sanyi. Idan aka bar shi katako tsirara, da safiyar Janairu za ka ga raɓa ta jeru a gefensa tana ɗiga, kafin bazara kusurwoyin sun yi baƙi da funfuna. Shi kansa rufin da ake ce wa shimfiɗaɗɗe dole ya ɗan karkata, ana zana shi ɗaya cikin 40 domin bayan aiki kada ya gaza ɗaya cikin 80. Wajen abin lulluɓe rufin, roba ko fayiba duk suna yi, hannun mai shimfiɗawa ya fi muhimmanci.

Batun kuɗi, oranjari mai kyau yana kusa da farashin cikakken ƙarin ɗaki, wani lokaci ya fi shi saboda ƙubba da ƙofofi. Wanda ya zo maka da farashin konsabatari, akwai abin da ya cire. Ka fara biyan mai zane da injiniya, sannan ka ba magina uku zane iri ɗaya su yi farashi, ka tambayi kowa ko harajin VAT na kashi 20 yana ciki, da kwashe ƙasa, da matsar da kwata, da wayarin, da tayil. Ka ware kashi 10 zuwa 15 a gefe. Ka je ka ga aikin da maginin ya yi wanda ya ga hunturu biyu ko uku, ka tambayi masu gidan ba a gabansa ba. Ka sanar da kamfanin inshorarka kafin a fasa bango, ka kuma sa lauya ya duba takardun gidan ko akwai tsohon sharaɗi da ya hana ƙari. Harajin kansil ba ya tashi saboda ƙarin, sai an sayar da gidan ake sake duba matakinsa. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, sauran a biya mataki-mataki bayan an gama tushe, bango, rufi da filasta. Kason ƙarshe kuma ya zauna a hannunka har sai ka karɓi takardar kammala aiki daga masu duba gini, tare da ta wayarin lantarki da garantin rufi da na gilashi.